Shatin Hannun Baba

Ni na sayar da kayan aikin Baba. Gara in faɗa da bakina tun farko, domin in a wurin 'yan gidanmu kuka ji labarin, za ku tarar an yi mini sassauci. Umma cewa take yi "an kwashe su." Yayata cewa take yi "sun salwanta." Ba su salwanta ba. Ni na tsayar da ɗan gwangwan wata Asabar da hantsi, na tsaya a bakin ƙofa hannuwana cikin aljihu, ina kallo ya cicciɓi akwatin kayan ya jefa cikin kurarsa, a kan wata matacciyar fanka da ƙafar keke. Har ce masa na yi ya yi sauri, masu fenti suna hanya.

Baba kafinta ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a shagon da ke jikin gidanmu, ɗaki ɗaya mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Cikin ƙamshin katako na tashi, amma ban taɓa son sa ba. Ni littafi na so, littafin kuma ya kai ni wani ofis inda nake buga wa mutane takardu. Shi ya sa Baba ya laƙaba mini Akawu. Da wasa yake faɗa, sai dai wasan ba ya rasa 'yar ƙaya a ciki.

A lokacin yana asibiti, an yi masa aikin ido karo na biyu. Likitan ya ja ni gefe ya ce kada mu sa rai, ko an kwance bandeji ba zai ƙara gani ba. Ni kuwa saura wata guda in yi aure, ba ni da ɗakin da zan sa matata. Ba zan ɓoye ba, so ya ɗauke mini hankali. In na leƙa shagon nan ba na ganin teburin aiki, ba na ganin dusar katako. Labule nake gani, da gado, da hasken safiya a kan fuskar yarinyar da nake rubuta wa wasiƙa mai shafi huɗu alhali gidansu bai fi tafiyar minti goma ba. Na gaya wa kaina cewa tsofaffin ƙarafa ne kawai, masu tuna wa makaho abin da ya rasa. Har na ji kamar taimakonsa na yi.

Ranar da aka sallamo shi bai zauna ba. Ya ƙi kujerar da Umma ta ajiye masa, ya bi bango da tafin hannu, ya wuce famfo, ya wuce tagar kicin, har ya kai ƙofar shago. Hannunsa ya taɓa labule. Ya tsaya ya shaƙi warin sabon fenti. Ya ƙara taku biyu, ƙaurinsa ya bugi gefen gado.

"Ina Tsohuwa?" ya ce.

Tsohuwa ita ce magogin katakonsa, abin nan mai jikin itace da bakin ƙarfe a tsakiya, wanda ake turawa a kan katako yana fitar da ɓawo siriri har fuskar ta yi sumul. Ta girme ni, ta girmi yayata. A wurin maigidan da ya koya masa aiki ya gaje ta.

Umma ta sunkuyar da kai.

"Akawu. Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Ai likita ne ya ce..."

"Likita ya ce ba zan ƙara gani ba. Ya ce maka an yanke mini hannu?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba. Da ma ya yi.

Shekara guda muka yi a haka. In na gaishe shi da safe ya ce, "Lafiya lau," ya ja bakinsa ya tsuke, kamar ɗan haya ne ya gaishe shi. Ya daina ce mini Akawu, ya daina ce mini komai. In yana son ruwa ina tsaye a gefensa, sai ya ɗaga murya ya kira Umma daga kicin. Matata kuwa ya karɓe ta hannu bibbiyu, ko da yake don ita aka yi ɓarnar. Nas ce, amma Baba ya ƙara mata girma, Likita yake ce mata, har sunan ya bi ta. Ita ke ɗiga masa magani, ita yake ba labarin manyan gine-ginen da ya yi wa rufi.

Wata rana da yamma ta kira ni bakin taga. "Yallaɓai, zo ka ga wani abu."

Baba na zaune a kan bencinsa a tsakar gida. Hannun dama a gaba, na hagu a baya, don shi bahago ne, duka a dunƙule. Yana tura su a hankali a kan cinyarsa, yana dawowa da su.

"Kullum haka yake yi in ya zaci babu kowa," ta ce. "Ka san ban taɓa sakewa a ɗakin nan ba? Ji nake kamar a kan hakkin wani nake kwance. Ka iya rubuta wasiƙar da za ta sa mutum kuka. To tashi ka nemo wa tsohon nan kayansa."

"Bayan shekara guda? A ina?"

"Inda aka kai su mana. Ƙarfe ne fa, ba ƙanƙara ba."

Na fara zuwa wurin Kawu Mai Fenti, abokin Baba tun suna samari, wanda suka yi rabin rayuwarsu suna bin gine-gine tare. Na same shi a rumfarsa yana tace fenti da tsohuwar safa. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

"Au, sai yanzu? To ko ka gan su, ta yaya za ka gane su? Kai da ba ka bambance zarto da wuƙar yanka burodi?"

"Shi ya sa na zo wurinka, Kawu."

Ya yi tsaki, amma ya gaya mini. Ya ce a babban gini kafintoci goma sukan haɗu, kaya su cakuɗe, a yi ta rigima. Wata rana ran Baba ya ɓaci, shi kuma Kawu yana riƙe da ragowar koren fenti, sai ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya ya ɗiga musu a ƙarshen mariƙi. "Kore mai duhu, irin na ƙofar makaranta. Duk inda ka ga ɗigon nan, na babanka ne. Hannuna ne, ko a mafarki na gan shi zan shaida shi."

Kasuwar tsofaffin kaya tana bayan tashar motoci, inda kwata ta ratsa. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Lungu ne bayan lungu, an shimfiɗa buhuna a ƙasa, a kansu makullan da ba su da ƙofa, ƙofofin da ba su da gida, agogunan da kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama. Na karanta littattafai da yawa a kan mutanen da suka fita neman abin da suka ɓatar, amma babu wanda ya gaya mini cewa wurin neman yana warin baƙin mai da fitsarin ɓera. Aka nuna mini rumfar wani ƙaton mutum mai hular ƙarfe irin ta magina, wanda duk kasuwar ke kira Sarkin Tsatsa.

"Me ake nema, ɗan ofis? Takalmin nan naka ba na layinmu ba ne."

"Kayan kafinta."

"Sana'a za ka koya, ko madam ce ta ce ka gyara ƙofar kicin?"

Na tsuguna na fara juya gudumomi ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba mini ido.

"Ikon Allah. Kowa kan guduma yake dubawa, kai wutsiyarta. Jama'a, ku zo ku ga sabon ciniki!"

Dole na ba shi labari. Na zaci zai yi dariya, sai ya cire hular ya sosa kai. Ya ce kaya masu kyau ba sa zuwa wurin narkarwa, 'yan gwangwan sun fi kowa sanin ƙarfe, warewa suke yi su kawo masa. Ya tuna akwatin. Akwatin kansa ya tafi tuntuni, wata mata ta saya don zuba takalma. Amma a ƙasan wani buhu muka tono cizal uku na sassaƙa da sukwaya ta awon kusurwa, kowanne da ɗigonsa.

Sauran sai da na yi wata huɗu ina bin sawunsu, kowace Asabar. Gudumar tana wurin wani mai gyaran takalmi, wanda ya rantse da ita aka haife shi, sai da na sayo masa sabuwa na haɗa da roƙo. Zarton yana rataye a shagon mai gyaran kujeru, ya yi ja wur da tsatsa. Tsohuwa ce ta ƙi bayyana. Na fara cire rai, sai wata Asabar Sarkin Tsatsa ya tare ni tun daga bakin lungu, ya kama hannuna, ya ja ni rumfar wani mai gyaran rediyo. Teburin mutumin ƙafa ɗaya ta gaza, an tokare ta da wani baƙin guntun itace. Na durƙusa a cikin ƙasa na leƙa. Ɗigon yana nan.

Kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa. A tsakiyar kasuwa, da rigar ofis, na rungume guntun itace ina kuka, mai rediyo yana riƙe da teburinsa kada ya kife yana tambaya ko lafiya nake.

Da zan tafi Sarkin Tsatsa ya ce, "Ɗan ofis, ji nan. Kananzir da tsumma. Ka goge tsatsar, ka shafa ɗan mai, ka kai masa. Kada ka wuce haka."

Na ce to. A raina kuwa na ce, me mutumin da ke kwana cikin tsatsa ya sani game da kyau? Ni ba kayan da na sayar nake so in mayar ba, so nake in mayar da abin da ya fi su. Ina so girman gyaran ya kai girman laifin. Na riga na kalli bidiyo ba adadi a waya, inda ake ɗauko ruɓaɓɓen ƙarfe a mayar da shi kamar madubi. Na tsara ranar a kaina har da kalmomin da Baba zai faɗa.

A bayan gida na kafa ɗan tebur, inda ba zai ji motsina ba. Kullum in na taso daga aiki sai in tuɓe riga in zauna har rana ta faɗi. Abin da na fara yi, na yanka salatif ƙanana na rufe kowane koren ɗigo, don kada samfefa ta taɓa shi. Na yi alfahari da wannan dabarar ƙwarai.

Sannan na shiga gyara duk abin da idona ya ce lalacewa ne. Ƙotar gudumar an fafe ta ta gefe ɗaya, ta zama siririya a daidai wurin riƙo. Na cike wurin da garin katako da gam, na goge har ya koma daidai. Mariƙin zarton an ɗaure shi da waya, na warware, na cike ramukan. Haƙoransa na can gaba na ga sun fi sauran ƙanana, na kai wa mai washi ya daidaita su duka da inji, reras kamar haƙoran mataji. Bakin Tsohuwa ba a miƙe yake ba, ya ɗan lanƙwasa, kusurwoyinsa sun zagaye. Mai walda ya ɗora shi a giranda, injin washin nan, wuta na tartsatsi, ya miƙar mini da shi tsaf. Jikinta kuwa ya yi baƙi ƙirin da gumi, ga wasu ramuka biyu a gaba, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, kamar an danna yatsa a cikin sabulu. Samfefa ta kasa cinye su. Na kai ta wani babban shago mai injin goge katako, aka bi gefen nan biyu aka shafe. Da ta fito sai ga itacen ciki ja mai haske kamar zuma. Na shafa mata folish har sau uku.

Likita ta zo ta tsaya a kaina ranar da na gama. Ta daɗe tana kallo.

"Sun yi kyau," ta ce. "Kamar ba su ba."

Na ɗauka yabo ne.

Ranar Lahadi da hantsi na ajiye sabon akwati a gaban bencin Baba. Umma ta fito daga kicin tana goge hannu, Likita ta tsaya a ƙofar ɗaki. Na durƙusa.

"Baba, ga kayanka na nemo."

Bai motsa ba da farko. Sannan ya sunkuya, ya lalubi murfin ya buɗe. Hannunsa ya wuce kan zarto, ya wuce guduma, ya tafi kai tsaye ya ɗauko Tsohuwa. Ya ɗora ta a cinya, hagu a baya, dama a gaba. Na ga babban yatsansa yana neman wani wuri. Ya zame a kan folish. Ya koma ya sake nema, ya sake zamewa. Ya kai ta hanci ya shinshina. Ya juya ta, ya bi bakin ƙarfen da farce daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ajiye, ya ɗauki gudumar, ya jujjuya ta a tafinsa. Ya bi haƙoran zarto da yatsa tun daga gaba.

Sai ya yi murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin asibiti.

"Akawu ke nan," ya ce. "Ido ne ya mutu, ɗan nan, ba hannu ba. Waɗannan ba nawa ba ne."

"Naka ne, Baba."

"Gudumata na fafe ƙotarta saboda yatsan nan da ya karye bai miƙe ba. Zartona haƙoran gaba ƙanana na yi musu, don ya kama katako ba tare da tsalle ba. Wannan kuwa," ya shafa Tsohuwa, "bakinta a miƙe, kusurwa kamar reza. In ka tura ta a kan katako layi biyu za ta bar maka. Mai wannan bai taɓa yin gumi a kanta ba." Ya girgiza kai yana 'yar dariya. "Nawa suna can hannun wani. Kullum ina zaune a nan ina raya Tsohuwa a wani shago, wani yaro mai hankali ya same ta, tana ci tana zubar da ɓawo. Ƙarfen kirki ba ya rasa mai shi. Amma ka yi ƙoƙari. Ka je ka sayo sababbi don ka faranta wa makaho, har da 'yar ƙaryarka. Allah ya yi maka albarka."

Ya miƙo hannu ya dafa kaina.

Abin da na yi shekara da wata huɗu ina nema ke nan, ga shi a kaina, da ɗuminsa. Umma ta juya tana share ido da gefen mayafi. Da ina da hankali da na ce amin na yi shiru. Amma kalmar nan, ƙarya, ta tsaya mini a rai. Na tuna Asabar goma sha bakwai, na tuna gwiwoyina a ƙasan kasuwa, na tuna fatar yatsuna da samfefa ta cinye. Duk wannan ya zama na shiga kanti na sayo sababbi? Ba albarkar mai sayen sababbi nake so ba. Tawa nake so, cikakkiya, wadda na yi wa wahala.

"Wallahi Baba naka ne. Ga koren fentin Kawu nan a jikinsu, ban taɓa shi ba."

"Kore," ya ce a hankali. "Ni za ka nuna wa kore?"

Likita ta matso ta ja hannun rigata. "Bar shi haka," ta raɗa mini. "Don Allah, Yallaɓai, ka bar shi haka. Ka samu abin da kake nema."

Na fizge hannuna. Na fita, na hau babur, na ɗauko Kawu Mai Fenti daga rumfarsa, ko hannu ban bari ya wanke ba.

Kawu ya shigo da barkwancinsa. "Bahago, an ce ka ƙi kayanka? Tsufa ya fara taɓa kan ne?"

"Kai dai zo ka duba wa yaron nan, Sarkin ɓata bango," in ji Baba. "Ya dage."

Kawu ya tsuguna ya ɗauki gudumar. Ya juya ƙarshenta. Ya ɗauki zarton. Ya ɗauki Tsohuwa, ya dubi ɗigon, ya dubi gefenta mai sheƙi, ya shafa wurin da ramukan suke a da. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da ban taɓa gani a wurinsa ba, sannan ya kalli abokinsa.

"To," ya ce, "ka san ni ma idon nawa ba kamar da ba. Kuma koren fenti ai ya cika gari."

Hanya ya buɗe mini, ƙofa guda, a fili. Na gan ta sarai, na ƙi bi.

"Kawu, kai ka ce ko a mafarki za ka shaida shi. Ka faɗa tsakaninka da Allah."

Kawu ya sauke numfashi.

"Ka haɗa ni da Allah, yaro." Ya juya ga Baba. "Hannuna ne, Bahago. Naka ne."

Baba ya miƙa hannu. "Ba ni ita."

Ya karɓi Tsohuwa, ya lalubo gudumar, ya ɗan buga bayanta sau biyu kamar yadda ya saba. Katakon da ke matse bakin ya saki, ya zare shi tare da ƙarfen. Ya zura ƙaramin yatsansa cikin ramin, can ciki inda samfefata ba ta kai ba. Ya tsaya a wani wuri. Na ga leɓensa na ƙasa ya motsa.

"Ga tsagar da na ɗinke da gam shekarar da aka haifi yayarka," ya ce. "Ita ce."

"Na gaya maka, Baba!" Allah ya yafe mini, da murna na faɗa.

Bai ji ni ba, ko ya ji bai kula ba. Yana ta shafa gefenta na hagu, ya koma na dama.

"Nan akwai rami. Na maigidana ne, shi da dama yake aiki, shekara talatin yatsansa yana cin wurin. Nan kuma nawa, arba'in da biyu. In na riƙe ta, yatsuna suna kwanciya a nasa, babban yatsana yana cikin nawa." Ya ɗago fuskarsa daidai inda nake. "Kwana nawa ka yi kafin ka shafe su?"

"Baba, ni gani na yi kamar..."

"Tambayarka nake yi."

"A inji ne."

"Na sani. Nawa?"

"Bai kai minti biyar ba."

Kawu ya yi salati a hankali. Baba ya gyaɗa kai kamar an gaya masa abin da ya riga ya zata.

"Wancan karon sayarwa ka yi," ya ce. "Abin da aka sayar yana nan a wani wuri, mutum yana iya zama ya yi tunaninsa. Yanzu a ina zan ce take?"

Ya mayar da ƙarfen, ya mayar da katakon, ya buga sau ɗaya. Ko a wannan halin bai iya ajiye ta a warwatse ba. Ya sa ta cikin akwatin a kan gefenta, ya rufe murfin, ya ture shi da ƙafa kaɗan.

"Likita, zo ki kai ni ɗaki."

Ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba. Kawu ya tashi ya karkaɗe wandonsa. Na ce bari in mayar da shi, ya ce a'a, ƙafarsa lafiya lau take. Umma ta koma kicin, na ji ta tana ta motsa tukwanen da ba su buƙatar motsi.

Na tsara maganganu da yawa a ranar, masu kyau, irin waɗanda na iya. Washegari da safe, na yi shirin ofis, na same shi a kan benci na durƙusa na gaishe shi.

"Lafiya lau," ya ce.

Na buɗe baki zan fara, ya riga ni.

"Akwatin nan, ka fitar da shi. Ka ba wanda zai yi aiki da su, ƙarfen yana da kyau har yanzu, in ya samu mai haƙuri zai gyara bakin. Amma duk wanda ka ba, kada ka ce nawa ne. Kada a je ana faɗa a gari cewa haka nake riƙon kaya."

Na jira ko akwai saura. Babu. Ya juya fuskarsa wajen kicin ya ɗaga murya yana tambayar Umma ko shayin ya tafasa.

Na ɗauki akwatin na fita. Na tsaya a bakin titi da shi a hannu, masu babur suna tsayawa suna tambayata ina za ni, ina ce musu su wuce.